Wasiƙun da Na Ɓoye a Ƙarƙashin Likkafani

A farkon shekarun tamanin ni magidanci ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, ina zaune a ƙauyenmu da ke gefen hanyar Funtua zuwa Malumfashi. Ina noman auduga da masara, ina da babur ɗaya. Karatuna na boko bai wuce firamare ba, amma idan na zauna da wasiƙar Turanci na bi ta a hankali, nakan gane inda ta dosa. Sai dai ba da noma aka san ni ba. Gidanmu ne ke wankan gawa a ƙauyen. Kakanmu ya yi, mahaifinmu ya yi, da ya rasu aikin ya dawo hannuna. Ba sana'a ba ce, amana ce. Abu na farko da mahaifinmu ya koya mini shi ne, duk abin da idona ya gani a jikin mamaci, ba zai fita daga bakina ba har ni ma a wanke ni. Ina da wani akwatin ƙarfe a ƙuryar ɗakina, a ciki nake ajiye alawayyo na likkafani, da kafur, da busasshen ganyen magarya, da zare da allura. Babu mai taɓa akwatin nan. Ko maiɗakina idan tana shara, kewaye shi take yi.

Mu biyu ne maza a wajen mahaifiyarmu, ni da ƙanena, kuma na girme shi da shekara takwas. Yana sakandare ciwo ya kama mahaifinmu. Da ciwon kai ya fara, sai hannunsa ya riƙa rawa, sai ya fara manta sunayen mutane, har ya kai yana kiran Inna da sunan tasa mahaifiyar. Mun kai shi wajen malamai, mun kai shi asibiti, har ya cika babu wanda ya gaya mana sunan ciwon. Ni na ce kwana ne ya ƙare, na haƙura. Ƙanena kuwa bai daina tambaya ba. Duk wanda ya gani da farar riga sai ya tambaye shi mene ne ya cinye kan Baba. Wannan tambayar ce ta kai shi karatun likita, ita ce kuma ta fitar da shi ƙasar waje ya ƙara karatu a kan cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Tun yana sakandare na kama akwati a gidan waya na Funtua, domin wasiƙunsa su riƙa iso mana. Mabuɗin yana ɗaure tare da na babur ɗina. Duk takardar da ya taɓa cikewa a rayuwarsa, lambar akwatin nan ya rubuta a kai.

Da ya dawo gida bai sami abin da aka yi masa alkawari ba. Inda aka ce za a ɗauke shi, ɗakin binciken yana nan a gine amma babu kayan aiki a ciki, kuma an dakatar da ɗaukar ma'aikata. Sai ya sauke matarsa da akwatin littattafansa a gidanmu, ya karɓi aikin wucin gadi a wani ƙaramin asibiti wajen Dayi, yana duba masu zazzaɓi da gudawa da mata masu ciki, ranar Asabar ya zo gida. Ya ce zaman jira ne kawai. Ya bayyana mini cewa masu irin aikinsa ba su da yawa, saboda haka ba a shelar gurbinsu a rediyo, jarida kuwa kafin ta iso mana labarin ya tsufa. Hanya biyu ce yake jin labari. Ɗaya wata 'yar siririyar mujalla ce mai shuɗin bango, wadda ƙungiyar masu aikinsu ke aiko masa daga waje jefi-jefi, a shafukanta na ƙarshe ake rubuta wanda ya yi ritaya, da wanda ya rasu, da inda ake neman mutum. Ɗayar kuma wasiƙun tsofaffin malamansa. Har yakan yi mini wasa ya ce shi shafin rasuwa yake fara buɗewa, don duk tsohon da ya tafi kujera ya bari, sannan ya yi istigifari yana dariya, ya ce ga shi nan ya zama ɗan gidanmu na gaske, shi ma da mutuwa yake harka.

Har zuwa lokacin ban san ainihin aikin ba. Na ɗauka likitan ciwon kai ne. Wata Asabar da kaka muna zaune a tsakar gida muna ɓare masara, na ce ya gaya mini me yake yi da hannunsa idan ya shiga ɗakin binciken. Ya tashi da murna ya ɗauko wani ɗan akwatin katako cike da 'yan gilasai, ya zaro ɗaya ya ɗaga shi saitin rana. Na ga wani tabo a jiki, ja-ja da ruwan ɗorawa-ɗorawa da shuɗi, bai kai ɓawon albasa kauri ba. Ya ce wannan ƙwaƙwalwar mutum ce, idan aka sa ta a madubin likita ciwon da ya kama mai ita zai fito fili. Wani lokaci daga mai rai ake cirowa idan an yi masa tiyata, wani lokaci kuma daga mamaci, idan danginsa sun yarda. Na tambaye shi ta yaya ake kaiwa gare ta a jikin mamaci. Ya gaya mini, bai ɓoye komai ba. Na ajiye masarar da ke hannuna. Ya lura da fuskata, sai ya sassauta murya ya ce, Yaya, da an sami wanda ya duba na Baba, da yau mun san abin da za mu tsare wa 'ya'yanmu. Na ce kada ya sake sa sunan mahaifinmu a wannan zance.

Ni da kaina na fitar da maganar waje. Na je wajen wani malami da nake girmamawa na tambaye shi hukuncin abin, a gaban muhimman mutanen da ke zaune a zaurensa. Ya ce malamai sun yi bayani a kai, inda akwai larura da amfanin masu rai, kuma aka kiyaye mutuncin mamaci, da yawa sun ba da dama. Ba wannan amsar na je nema ba, don haka ban riƙe ta ba. Waɗanda ke zaune kuwa tambayar suka riƙe. Kafin mako ya zagayo zancen ya cika ƙauye. A majalisar bakin tasha aka fara cewa gidanmu ya haɗa aiki, babba yana rufewa, ƙarami yana buɗewa. Wani taubashina, wanda bakinsa bai taɓa hutawa ba, ya ce ya riga ya yi wa 'ya'yansa wasiyya, ranar da zan wanke shi su tsaya a kaina, kuma su ɗaga kansa su ji nauyinsa kafin a sa shi a makara. Aka yi ta dariya, ni ma na yi. Amma ba da daɗewa ba wani dattijo ya rasu a unguwarmu. Na fito da akwatina na zauna a zaure ina jiran a aiko. Ba a aiko ba. Daga ƙauyen gaba suka ɗauko mai wanka. Tun zamanin kakanmu ba a taɓa yin haka ba. Babu wanda ya ce mini ga dalili, ni ma ban tambaya ba. Na bi jana'izar a sahun baya, na dawo na mayar da akwatin ƙurya.

Ana cikin kasuwar auduga wasiƙar ta zo. Doguwar farar ambulan ce, da hatimin wani babban asibitin koyarwa na can nesa da mu. Ban taɓa buɗe wasiƙarsa ba sai ranar. A gindin wata bishiya kusa da gidan wayar na tsaya na karanta. Sun ce za su buɗe sabon ɗakin bincike, suna gayyatarsa ganawa ranar kaza. A ƙasa wani ya ƙara layi biyu da biro, ya ce shi ya ba da sunansa, kada ya makara. Na gane rubutun, na tsohon malaminsa ne da yake yawan ambata. Na sa ta a aljihu na hau babur. Duk tsawon hanya ina gaya wa kaina cewa ba hana shi zan yi ba, ajiyewa zan yi har in yi tunani. Da na isa gida na rasa inda zan sa ta ido bai kai ba, sai na buɗe akwatin ƙarfen nan na ɗaga alawayyo na tura ta ƙarƙashi.

Ranar Asabar ya zo. Bayan ya durƙusa ya gaida Inna, ya gaishe ni, ya tambayi gona, sai ya ce, Yaya, gidan waya fa? Na ce babu komai sai takardar masu taki. Ya ce to, Allah ya kawo. Ranar ganawar ta zo ta wuce ina gona. Wasiƙa ta biyu ta zo, an ƙara masa lokaci. Ita ma na sa ta inda na sa ta farko. Daga nan tsoro ya kama ni kada ya ga labarin a mujallarsa, sai na riƙa ɓoye ta ita ma. Ta uku gajera ce, sun ce tunda ba su ji daga gare shi ba sun ba wani.

Mai karatu zai ce me ya hana shi zuwa gidan wayar da kansa. Wanda ya tashi a gida irin namu ba zai yi wannan tambayar ba. Mabuɗin a hannun wansa yake, wan da ya tsaya masa a matsayin uba. Idan ya ce a ba shi mabuɗin, daidai yake da ya ce bai yarda da ni ba. Sau ɗaya ya taɓa cewa zai raka ni Funtua, na ce tayar baya ta yi laushi ba za ta ɗauki mutum biyu ba. Bai sake ba. Gidan waya ya riƙa zargi. Har takardar koke ya rubuta musu, ya ba ni in kai. Ita ma tana nan.

Kusan shekara guda muna haka. Kowace Asabar tambaya ɗaya, amsa ɗaya. Na ga yana canzawa a gabana. Ya daina buɗe littattafansa. Ɗan akwatin gilasan ya koma saman kabad, ƙura ta rufe shi. Wasan da yake yi da ni ya ragu. A gefe guda kuwa al'amura sun yi mini daɗi. Mutane sun ga yana yi wa 'ya'yansu allura suna warkewa, suka manta da zancen buɗe kai, kowa sai Likita, Likita. Aka dawo ana aiko mini idan an yi rasuwa. Inna tana ta godiya ga Allah da ya zaunar mata da ɗanta kusa. Na ce a raina na yi daidai, na tsare sunan gida, na tsare shi kansa daga aikin da zai sa a riƙa ƙyamarsa. Ana nan sai wata Asabar ya gaishe ni, ya tambayi gona, ya yi shiru. Bai ambaci gidan waya ba. Ta gaba ma haka. Na ɗauka ya fid da rai ne. Allah ya gafarta mini, sauƙi na ji.

Da bazara ta biyu sanƙarau ya shigo yankinmu. Asibitin nasu ya cika har ana kwantar da mutane a gindin itatuwa, ana rataye kwalaben ƙarin ruwa a jikin rassa. Makonni bai zo gida ba, sai saƙon gaisuwa. Wata ranar Talata da hantsi aka zo aka ce in je. Na tarar da shi a kwance a ɗakin da yake duba marasa lafiya, wuyansa ya sandare, haske yana damun idonsa. Na kama hannunsa na kira sunansa. Ya dube ni ya kira ni Baba, sannan kamar ya dawo hayyacinsa ya ce, Yaya, ka zo. Abin da ya ce ke nan. Ina da lokacin da zan yi magana, ko da bai ji duka ba. Na buɗe baki na ce sannu. Kafin la'asar ya cika.

Muka kawo shi gida. Liman ya ce in bari wani ya yi wankan, na ce ni zan yi. Na shiga ɗaki na buɗe akwatin, na ɗaga alawayyon zan auna, sai ga su a jere, ambulan uku, da mujallu masu shuɗin bango, da takardar kokensa da rubutun hannunsa. Ƙyallen da ya kwana a kansu wata da watanni, shi na yanka masa. Na wanke gawa da yawa kafin ranar, na wanke da yawa bayanta, babu wadda ta yi mini nauyi sai da na tallafi kansa zan zuba ruwa. Duk abin da ya yi shekaru yana tarawa yana cikin tafin hannuna, kuma ni na hana a amfana da shi. Ciwon da ya ɗauke shi ma na ƙwaƙwalwa ne, irin wanda ya so ya ƙare rayuwarsa yana bincike a kai. Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, ko a ina mutum yake. Ban ce ni na kashe shi ba. Amma shekararsa ta ƙarshe ni na zaɓa masa yadda zai yi ta, ba tare da na tambaye shi ba.

Na zaci asirin ya tsaya tsakanina da Allah. Da matarsa ta fita takaba, ranar da za ta koma gidan iyayenta, ta zo sallama. Ta zauna a bakin ƙofa tana goye da 'yarsu, wadda ba ta yi wata shida ba. Ba ta taɓa haɗa ido da ni ba tun da aka kawo ta gidan, ranar ma ba ta haɗa ba. Ta ce, Yaya, akwai maganar da marigayi ya hana ta faɗa, amma ta yi mata nauyi. Ta ce watanni kafin rasuwarsa ya je wani taron likitoci a birni, ya haɗu da tsohon malamin nan nasa. Malamin ya yi masa faɗa a gaban mutane, ya ce ya kunyata shi, an aika masa wasiƙa har uku ko amsa bai bayar ba. Ta ce ya dawo ya zauna a bakin gado bai ci abinci ba. Ita ce ta ce ya tashi ya same ni. Ya ce a'a. Ya ce ni ne na bar makaranta na riƙe garma don shi ya yi karatu, ba zai tsaya a gabana ya ce na yi ƙarya ba. Ya ce abin da ya fi damunsa shi ne duk Asabar shi ke sa wansa yin ƙarya da tambayar da yake yi, don haka zai daina tambaya. Ya je ya kama nasa akwatin a Malumfashi, amma kujerar ta riga ta tafi, wata kuma ba ta buɗe ba. Ta ce har ya kwanta ciwo yana cewa, a bar Yaya, wata rana da kansa zai kawo su. Ba ta ɗaga murya ba. Ta gyara goyonta ta ce a yafe mata idan ta yi wa gidan laifi, ta tafi.

Na daɗe a zaune a wurin. Duk Asabar ɗin da ya gaishe ni ya yi shiru, ni ina jin sauƙi, ashe jira yake yi.

'Yar nan tasa a hannuna ta yi karatu daga baya, Baba take kirana. Ita ma likita ta zama. Ban tura ta ba, ban kuma hana ta ba, na riga na daina hana kowa komai. Bara da ta zo hutun sallah, muna zaune a tsakar gidan nan, ta nuna mini wayarta. Ta ce masu aikin mahaifinta yanzu suna da shafuka a intanet, can suke sa labaransu, da hotunan abin da suka gani a madubi, da duk inda ake neman ma'aikaci a duniya. Idan gurbi ya buɗe da safe, kafin azahar saƙo ya shigo hannun mai nema. Ta nuna mini wani hoto, na ga launin nan da na gani a jikin gilashi ranar da muke ɓare masara. Tana dariya ta ce, Baba, yanzu babu mai jiran gidan waya. Na tashi na shiga ɗaki na ɗauko su. Takardun sun yi ja, ƙamshin kafur ya kama su. Na gaya mata komai kamar yadda na rubuta a nan. Ta karanta su ɗaya bayan ɗaya, har takardar koken. Ba ta yi kuka a gabana ba. Tambaya ɗaya ta yi mini, ta ce me ya sa ban ƙona su ba. Na ce ban sani ba, wataƙila ina ganin matuƙar suna nan, akwai ranar da zan kai su. Ta ce to ga shi na kai. Ta sa su a jakarta, ta nemi ɗan akwatin gilasan, na sauko mata da shi. Har yanzu tana kirana a waya duk Juma'a ta gaishe ni. Gaisuwar ta fi ta da gajarta, kuma ban ga laifinta ba.

Abin da ya sa na rubuto muku shi ne, na san ba ni kaɗai ba ne. Gidan waya ya tafi, amma har yau akwai mai riƙe da saƙon wani. Akwai wan da aka kira a wayarsa ana neman ƙanensa, akwai uban da aka ba takardar 'yarsa, akwai mijin da aka ce ya gaya wa matarsa an ɗauke ta aiki. Kowannenmu yana da dalilin da yake ganin mai kyau ne. Nawa dalilin sunan gida ne da mutuncin mamata, kuma har yau ban ce ba su da daraja ba. Kuskurena shi ne ban kai masa wasiƙarsa na zauna na gaya masa ban yarda ba. Da na yi haka, da ya saurare ni, ko ya tafi ko ya zauna, da zaɓinsa ne. Na ji tsoron ya fi ni hujja, sai na yi amfani da ladabinsa na ci nasara a kansa. Idan na ƙasa da kai ya yi maka shiru, kada ka ɗauka bai sani ba. Idan kana riƙe da abin wani, kai masa yau, ka yi gardamarka a gaban idonsa.

Ni na yi ta jiran Asabar mai zuwa har kwanansa ya ƙare. Mabuɗin akwatin gidan wayar yana nan a aljihuna, ko da yake an daɗe da ba wani lambar. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya sa ƙanena a addu'a. Ni kuma ya roƙa mini Allah ya sa idan mun haɗu in iya buɗe baki.